Abin Da Takaba Ta Tona A Tafin Ƙafata

Assalamu alaikum mai shirya wannan mujalla da masu karatu baki ɗaya. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka in kun ji maganar ta yi kama da hira ku yi haƙuri, haka bakina ya saba. Ba zan kama sunan kowa ba, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A zamanin Turawa, lokacin da En'e ke da ƙarfinta, ni ce mai ƙunshin ƙasar Roni. In yabon kai ne to a bar ni na yi, gaskiya ce. Da jaki ake zuwa ɗaukata daga Gwiwa, daga Yankwashi, har cikin Kazaure gidajen masu sarauta. Mijina malamin hakimi ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa hana ni ba tunda cikin mata nake shiga. Lallena ni nake dakawa, ni nake tankaɗewa, kuma abin da nake kwaɓa shi da shi ko 'yar cikina ban faɗa wa ba sai da na tsufa. Nakan ƙunsa in kwance, in sake ƙunsawa, har jan ya nuna ya koma kusan baƙi. Ƙafata kuwa ita ce tallata. Tun da aka kai ni ɗakin miji ba a taɓa ganin tafin ƙafata fari ba. Ba kaushi, ba faso. In na shiga gidan biki mata kan ce in tuɓe takalmi su gani, ni kuma in miƙe ta ina kallon sama kamar ban damu ba.

Akwai wata mata a Gwiwa, asalinsu mutanen Barno ne, matar wani mai fataucin kanwa. Kowace Sallah ni nake mata ƙunshi. Mace mai raha, in tana dariya har sai ta riƙe ciki. Wata Sallah ina goge mata diddige sai na ga wani ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar gero. Sallah ta zagayo, na ga ya kai wake. Na yi mata magana, sai ta yi dariya ta ce tawadar Allah ce, tun da ba ya ciwo me zai dame ta, in ƙara lalle a wurin ya rufe kada maigida ya ce ta taka kashin kaza. Muka yi dariya, na ƙara lalle. Haka muka yi ta yi har ranar da na je na tarar wurin ya fashe yana ruwa, lalle ba ya zama a kai. Aka kira wanzami ya kankare, ya dawo ya fi da. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi, ƙulli mai tauri kamar goriba, aka yi mata sakiya, wurin ya ƙi rufewa. Zuwana na ƙarshe ba ƙunshi ya kai ni ba, dubiya ce. Matar da ke cika ɗaki da dariya ta koma kamar kara, ana ta turare ɗakin amma warin ya fi ƙarfin turaren. Ba ta ga kaka ba. Tsofaffi suka ce daji ne, aka yi mata addu'a, kowa ya watse.

Bayan haka da ɗan lokaci, wata rana ina wanke tsohon lalle zan sa sabo, sai na ga nawa. Ƙafar hagu, ƙasan ƙananan yatsu biyu. Ƙwayar gero. Wallahi sai da na ji ƙasa ta juya da ni. Na sa farce na kankara ko ƙaya ce, ba ƙaya ba ce. Na danna, ba ciwo. Na zauna riƙe da ƙafata ina jin dariyar matar nan a kunnena. Kun san abin da na yi? Na kwaɓa lalle mai kauri na shafe wurin, na naɗe da ganye da tsumma. Daga ranar ban sake bari lallen ƙafar nan ya kusa koɗewa ba. Kafin ya yi haske na ƙara wani. Mata suka riƙa cewa ƙafar mai ƙunshi ta ƙara kyau. Ba mutane kaɗai nake ɓoye wa ba, kaina nake ɓoye wa. Na ce a raina abin da ban gani ba, ba ya nan. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, ban leƙa ba ko sau ɗaya.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauki mijina cikin 'yan kwanaki. Allah ya jiƙansa. Aka sa ni takaba. Wanda bai sani ba, mai takaba ba ta kwalli, ba ta turare, ba ta fita, kuma ba ta lalle, har sai watanninta sun cika. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Babura ta zo ta zauna da ni. Tsohuwa ce mai ido, ba a yi mata wayo. Na yi kukan mijina da gaske, Allah shi ne shaida, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani tsoro da ban faɗa wa kowa ba. Lallen yana koɗewa. Kowace alwala yana tafiya kaɗan kaɗan. Na riƙa zama na tanƙwashe ƙafa na rufe da zane. Na riƙa taka toka da gangan a madafa. Akwai ƙullin lalle a cikin tukunya a ƙarƙashin gadona, sau nawa na buɗe na kalle shi na rufe. Ina tsoron Allah, kuma na san ƙanshin lalle ba ya ɓuya a gidan makoki.

Ranar da abin ya tonu, da azahar ne. Ina alwala a bayan ɗaki, Goggo tana zaune tana kaɗi. Ashe ta daɗe tana lura cewa in na zo wanke ƙafar hagu sai na juya mata baya. Ban ankara ba sai ji na yi ta cafke mini idon sawu, ta ce ke 'yar nan, me kike ɓoyewa a nan kamar wadda ta taka sata. Na fizge, ta ƙi saki. Ta zuba ruwan butar duka ta murje tokar da babban yatsanta. A ranar ni ma na gan shi sosai bayan tsawon lokaci. Ya wuce wake, ya kusa ƙwayar gyaɗa. Bakinsa ba a zagaye yake ba, ya yi tsattsage kamar tawada ta zuba a tsumma. Launinsa ma ba ɗaya ba, wani gefen baƙi ƙirin, wani ruwan ƙasa, tsakiyar kamar toka. Na ce mata tawadar Allah ce. Ta ce ita ta yi mini wanka ranar da aka haife ni, ta san kowane lungu na jikina, ba a haife ni da wannan ba, kuma tawadar Allah ba ta tafiya. Nan bakina ya kwance, na ba ta labarin matar Gwiwa daga farko har ƙarshe. Goggo ta saki ƙafata ta dafe ƙirji. Ta ce ashe kin ga inda hanyar nan take ɓullewa, kika hau ta kina rufe ido. Ta ce ita ba ta san magani ba, amma ta taɓa jinyar mijinta a asibitin Kano lokacin da mota ta karya shi, ta ga ana cire wa mutane abubuwa a jiki suna tashi su tafi gida da ƙafafunsu. Gobe sai Kazaure wajen malamin asibiti.

Sai dai gidan ba nata ba ne. Wan mijina, wanda muke kira Yaya, shi ke riƙe da gidan bayan rasuwar. Da Goggo ta kai masa maganar, sai ya ce sam. Ya ce ƙasar kabarin ƙanensa ba ta bushe ba za a ga matarsa a kan hanya, gobe a ce ta fita neman miji, da wane ido zai kalli mutanen hakimi. Ya ce a bari ta fita takaba, in ya so a kai ta har Makka ma. Ya ƙara da cewa kowa ya san likitan Turawa ba ya ganin ƙafa ya bar ta a jikin mai ita. Ina daga cikin ɗaki ina ji, kuma gaskiya daɗi na ji. Yaya yana faɗin abin da zuciyata ke so. Na fi son in mutu da ƙafata cikakkiya da a ce mai ƙunshin Roni ta koma gurguwa. Haka girman kai yake mayar da mutum.

Goggo ba ta haƙura ba. Ta yafa mayafi ta tafi wajen liman da kanta. Liman ya zo zaure ya ce wa Yaya addini bai hana mai takaba fita don lalura ba, muddin ba ado, kuma neman magani lalura ne. Yaya ya ce Allah gafarta Malam, ina lalurar take? Mace tana ci tana sha, tana tafiya da ƙafarta, ba zazzaɓi ba ciwo, ɗan tabo ne kawai. Liman ya dubi Goggo. Ya ce shi hukunci ya sani, ciwo kuwa sai masu shi. Aka tashi ba a yanke komai ba. Wannan shi ne sharrin ciwon nan, jama'a. Da yana ciwo da tuni an ɗauke ni. Rashin ciwonsa shi ya kusa kashe ni.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Goggo ta daina yi mini hira, sai dai ta ajiye mini tuwo ta kalli ƙafar ta kau da kai. Ni kuma kowace safiya nakan sa hannu a matsematsina ina lalube ko kaluluwa ta fito. Wurin ya fara ƙaiƙayi. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta masu sana'ata. Na ɗauko dutsen da nake goge wa mata kaushi, na jiƙa ƙafar, na shiga gurza wurin, wai in kankare shi kowa ya huta. Ban yi nisa ba jini ya ɓalle. Na danne da zane, ya jiƙe. Na sa toka, ya ɓullo ta cikin tokar. Ɗan wuri kamar gyaɗa amma ya ɓata tabarma. Goggo ta shigo ta gani. Ta naɗe tabarmar nan da jininta, ta kai har zaure ta shimfiɗa a gaban Yaya da baƙinsa, ta ce masa ga lalurar da kake nema, ko sai an kawo maka gawa. Ban ji amsar da ya ba ta ba. Na dai ji yana cewa a ɗaura wa jaki akumari.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Na lulluɓe har ido, Goggo tana gefe, Yaya yana gaba bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Muka bi ta tsakanin duwatsu, duk ƙauyen da muka ratsa akwai matar da na taɓa yi wa ƙunshi. A bakin wata rijiya na ji wata tana ce wa 'yar uwarta ai mai ƙunshi ce, dubi ƙafarta fara fat, ashe ita ma irin tamu ce. Wata ta ce ba takaba take ba? Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malamin asibitin Kazaure saurayi ne, na girme shi. Ni da ko ƙanen mijina bai taɓa ganin tafin ƙafata ba lalle ba, ga ni na miƙa wa baƙon namiji ita tsirara. Ya wanke, ya duba ya daɗe. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce kwanan nan. Goggo ta ce ƙarya take, ɗana, ya shekara. Ya ce dole a taɓa matsematsi, na ce sai dai in mutu. Sai ya sa aka ja labule, ya kira ungozomar da ke aiki tare da shi, yana faɗa mata inda za ta danna daga waje. Ta ce ba ta ji komai ba. Ya fito ya ce wa Yaya wannan ya fi ƙarfinsa, sai Kano, kuma a cikin makon nan. Yaya ya ce saura kaɗan ta fita takaba. Yaron nan ya russuna ya ce ranka ya daɗe, ciwon nan bai san takaba ba, yanzu yana cikin fata, in ya shiga jiki ko Kano ba su da abin yi. Yaya ya cire hula ya share gumi. Ya dube ni, karo na farko tun rasuwar, ya ce ke me kika ce. Na buɗe baki zan ce mu koma gida. Wallahi abin da ke bakina ke nan. Sai na tuna ɗakin nan na Gwiwa da turaren da ya kasa. Na ce a kai ni.

A bayan babbar mota muka je, a kan buhuna. Likitan Bature ne, da tafinta a gefensa. Shi bai yarda da labule ba, Goggo ta riƙe hannuna na rufe ido na ba bango fuska. Ya danna dama, ya danna hagu, ya koma ya sake dannawa.   Ina jin kukan wani yaro a can nesa, ina jin numfashin Goggo, ina karanta duk abin da na iya. Da ya gama ya wanke hannu, sannan ya yi magana, tafinta ya juya mana da Hausa. Ya ce dajin fata ne, mugun iri. Ya ce bai ji kaluluwa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai. Waɗanda suke zuwa ciwon yana fata bai nutse ba, yawancinsu ana cirewa su ci gaba da rayuwarsu. Waɗanda suke zuwa bayan ya kai matsematsi, kaɗan ne suke daɗewa. Ya ce mutanenmu kusan kullum a makare suke zuwa, shi ya sa ake cewa asibiti ba ya warkar da shi. Ni ina bakin gaɓa, bai yi mini alkawari ba. Zai yanke naman wurin da faɗi, tare da yatsu biyu, ya yanko fata a cinyata ya rufe.

Ku ji wautar ɗan Adam. Tambayar da ta fara fitowa daga bakina ita ce ko sabuwar fatar za ta kama lalle. Tafinta ya kalle ni ya ƙi juyawa. Goggo ta ce ke 'yar nan, ana maganar ranki kina maganar ganye. Sai na roƙi abu ɗaya, a ba mu yatsun kada a zubar. Likita ya yarda. Goggo ta naɗe su a farin ƙyalle ta sa aka binne su yadda ya kamata. A gadon asibiti na cika takabata. Yaya da kansa ya zo da goro ranar, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya juya ya tafi.

Tsoron bai ƙare da yankan ba. An ce in riƙa komawa ana dubawa, na yi ta komawa. Shekaru da yawa ban fara safiya ba sai na lalubi matsematsina. Ko ƙurji ya fito mini sai in ce ciwon ne ya dawo. Allah cikin ikonsa bai dawo ba. Turawa suka tafi, En'e ta tafi, Goggo da Yaya suka tafi, ga ni nan ina ganin 'ya'yan jikokina.

Na koma sana'ata ina ɗingishi. Wasu gidajen suka daina aiko mini jaki, wai hannun mai yankakkiyar ƙafa ba ya yi wa amarya kyau. Na ji zafi, amma na saba. Abin da na canza shi ne, ban sake sa wa mace lalle ba sai na wanke ƙafar tas na fito da ita haske na duba tafi, diddige, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. In na ga baƙin da ban yarda da shi ba, ba na rufewa, ko matar wa ce. Wasu sun zage ni sun tafi wajen wata. Wasu sun je asibiti an ce ba komai ba ne, suka dawo suka ce na sa su asarar tafiya. Na ce na ji, na gode Allah. Zagin nan ya fi mini zuwa dubiya.

Kada wani ya ce na ce lalle ne ke kawo ciwon. Lalle bai yi mini komai ba, ni na mayar da shi murfi. Kuma mu daina cewa ciwon fata na Turawa ne da zabiya kaɗai. Mu baƙaƙe ma yana kama mu, kuma ya fi son inda ba ma dubawa. 'Ya'yana mata, ku bar lalle ya koɗe tsakanin wannan da wancan, ku juya ƙafarku ku kalla. Ku duba ta iyayenku tsofaffi da ba sa iya sunkuyawa. Tabon da yake girma, ko ya canza launi, ko bakinsa ya tsattsage, ko yake jini, da tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa, kada ku kai wa aska, kada ku gurza, kada ku jira ya yi ciwo. Ku kuma maza masu riƙe da gida, kada kunyar mutane ta sa ku tsare mace har lokaci ya wuce.

Na san kwana na Allah ne. Amma ni da matar Gwiwa tabo iri ɗaya muka yi, a hannu ɗaya aka ƙunsa mu. Ita an ga nata bayan ya fashe, ni an ga nawa don an hana ni lalle na 'yan watanni. Iyakar bambancin ke nan. Har yau in Sallah ta zo ana ƙunsa mini ƙafar dama, ta yi ja har ta koma baƙi kamar da. Ta hagu kuwa, mai yatsu uku, tun daga ranar ban sake sa mata komai ba. Na bar ta fara don in riƙa ganinta.